Ramar Kaka Mai Yatsu Bakwai

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta ɗora rama a wuta, tururin ya tsallako katanga ya same ni ina shanya. Na tsaya da rigar yaro a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafata ban ma sani ba. In kai ma a gidan da ake kwaɗo ka taso, ka san wannan ƙamshin. Ba wani daɗi ne da shi can ba, ɗan tsami-tsami ne mai kama maƙogwaro, amma yana shiga hanci sai yawu ya tsinke. Ni kuwa ba yunwa yake tayar mini ba. Bayan gidan kakata yake mayar da ni, a wata unguwa ta Jos da ke gefen Titin Bauchi, shekarar da ganyen rama ya kusa raba kawuna da aikinsa da mutuncinsa. Kuma ni na jawo, gara in faɗa maka tun yanzu.

A hannun kakata ta wajen uwa na tashi. Gidan tsoho ne, na jar ƙasa da rufin kwanon da ya sha tsatsa, kakanmu ya gina shi da gumin haƙar kuza tun ba a haifi mahaifiyata ba. A lokacin da nake ba ka labari ya riga ya rasu, mu uku muka rage: ni, da Kaka, da autanta, wato kawuna. Shekaruna ba su wuce goma ba. Lokacin ne wayar salula ta fara shigowa gari, mai ita yakan rataye ta a wuya don kowa ya gani, kuma lokacin ne kowace unguwa ta kafa 'yan sintirinta, saboda zaman garin ya zama na kowa yana kallon kowa.

Kaka gajeriya ce, bakinta ja da goro, kuma ba ta iya zama haka kawai. Ko hira take yi hannunta na tsince wake ko yana murza igiya a cinya. A ƙarƙashin gadonta akwai wani tsohon gwangwanin madara da aka toshe bakinsa da tsumma. Irin rama ne a ciki, gauraye da toka don kada ƙwari su ci. Mahaifiyarta ce ta taho da irin daga ƙauyensu a ƙasar Zazzau, a ƙulle a bakin zane, lokacin da mazajensu suka biyo aikin kuza. Shekara da shekaru Kaka tana shuka shi a wani ɗan fili kusa da kududdufin kuza a Naraguta, ta ci ganye, ta yi igiya da ɓawon, ta mayar da sabon iri cikin gwangwani. Sai aka wayi gari an yanka filin fulotai, aka sauke bulo a kan kunyoyinta. Damina biyu gwangwanin yana ƙarƙashin gado. Nakan gan ta ta jawo shi ta girgiza a kunne, ta mayar.

Kawu kuwa yana da tarihi, kuma unguwa ba ta mantuwa. Da ƙuruciyarsa ya bi samarin da ke zama bakin kududdufi suna busa hayaƙi, ya sa Kaka kuka ba sau ɗaya ba. Rasuwar kakanmu ce ta dawo da shi hayyacinsa. Ya watsar da abokan, ya koyi tuƙi, wani Bayarabe mai motocin haya, wanda kowa ke kira Oga, ya amince ya ba shi bas yana jigila tsakanin Jos da Bukuru. Shekara biyu ke nan ba a ji kansa da kowa ba. Ni dai kawun da na sani shi ne mai dawo mini da gasasshiyar masara a aljihun rigar sanyi, mai warin man juye da sabulun wanki.

Shi ne ya ce wa Kaka wata safiya, «Inna, bayan ɗakin nan fa? Ai zai ɗauki kunya uku.»

Ta ce, «Tsakuwa ce da yashin kuza, Auta. Ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta fito a nan.»

Bai yi musu ba. Washegari ya ari diga. Wata guda yana dawowa daga aiki da buhu a bayan mota, yau kashin awaki, gobe toka, jibi ruɓaɓɓiyar shara daga bola. Ya tsince duwatsun da hannu har tafinsa ya yi kanta. Da ruwa ya zauna, Kaka ta jiƙa irin a ƙwarya ya kwana, wanda ya taso sama ta zubar, wanda ya nutse ta shuka, uku-uku a rami, zurfin gaɓar yatsa. Iri ya tsufa. Cikin gwangwani guda, goma sha ɗaya ne kacal suka tsiro, kuma babu ko ƙwaya da ta rage a ƙarƙashin gado.

Amma fa da suka tsiro, sun tsiro da zuciya. Daminar Jos ka san ta, ruwa safe da yamma, sanyi har cikin ƙashi, gansakuka a jikin kowace katanga. Ramar ta sha ta miƙe. A gindinta Kaka ta koya mini abin da har yau ban manta ba. Ganyen farko, na ƙasa, a dunƙule yake fitowa, mai faɗi, kamar tafin hannun jariri. Shi ne mai taushi, shi muka riƙa tsinka muna kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji. Idan ta wuce ƙugun mutum sai ganyen ya fara tsagewa, yatsu uku, sannan biyar, can sama kuma bakwai, sirara masu baki kamar zarto. Ta sa na shafa karan na ji 'yan ƙayoyi masu ƙaiƙayi. Ta juya ganye ta nuna mini wani ɗan ɗigo a jikin jijiyar tsakiya, inda tururuwa ke taruwa suna lasa.

Ta ce, «Kin ga nan? Zumarta ke nan. Duk inda kika ga tururuwa na layi a bayan ganye, ki gaishe ta, 'yar gidanmu ce.»

Kafin ƙarshen damina ramar ta fi Kawu tsawo, ta yi rassa, ta leƙa saman katanga. To a nan ne uwar surutu, kamar yadda Kaka ke kirana, ta yi aikinta. Malamin zane ya ce kowa ya zo da ganye a zana. Yara suka kawo na mangwaro da na gwaiba. Ni da son a sani, na hau turmi na tsinko mai yatsu bakwai, mafi kyau a cikinsu. Aka yi ta kallo. Ƙawata ta roƙe ni, na ba ta ta tafi da shi gida a cikin littafi, har ina ƙara mata da cewa kawuna ne ya yi lambun da hannunsa, kuma ba ya bari kowa ya shiga. Ban yi tunanin komai ba. Mahaifinta shi ne shugaban 'yan sintirin unguwa, wanda ake kira Ciyaman.

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama. Mai unguwa ne, da Ciyaman, da samari biyu masu gora. Kawu yana wajen aiki. Kaka ta yafa mayafi ta kai su bayan ɗaki da kanta, don ita a zatonta maganar magudanar ruwa ce. Ciyaman ya ciro ganyena daga aljihu, ya yi yaushi, ya ɗaga shi kusa da na jikin karan. Sannan ya faɗi sunan abin. Ya ce wiwi ne.

Na laɓe bayan randa.

Ciyaman ya ce, «Iya, ba ke muke zargi ba, kowa ya san ki. Amma tsohuwa ba ta sanin abin da ake shuka mata a bayan ɗaki.»

Kaka ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, «Ni ce ban san rama ba? Ɗan nan, ina cin rama tun uwarka ba ta yi wayo ba.»

«Ramar da muka sani ba haka ganyenta yake ba. A je kasuwa a duba.»

«Ta kasuwa ai jaririya ce. Wa ya taɓa barinta ta girma ku ga fuskarta?»

Gaskiya ta faɗa, kuma a nan matsalar take. Mutanen unguwarmu 'ya'yan 'yan kuza ne, teloli da direbobi da 'yan tireda, a gari aka haife su. Ramar da suka sani ita ce ta kan faranti, wadda ake yankewa tun tana iya gwiwa, ganyenta a dunƙule. Ba wanda ya taɓa ganin wadda aka bari don iri. Hoton wiwi kuwa kowa ya gan shi, a jikin riga, a jikin hula, a bayan babur ɗin 'yan acaɓa. Ka ɗora ganyen biyu gefe da gefe, wallahi ko ni sai na sake dubawa.

Kaka ta ce to a ɗanɗana, rama tsami gare ta. Ta tsinko ta miƙa. Mai unguwa ya ja baya, samarin suka ja baya. Wa zai tauna abin da aka ce wiwi ne a gaban jama'a, gobe a ce an gan shi? Ta jefa a bakinta ta tauna. Ciyaman ya ce wannan ba hujja ba ce, uwa za ta iya haɗiye garwashi saboda ɗanta. Ta ce a shinshina, ina warin? Ya ce ya ji an ce ba ya wari sai ya yi kai. Ta ce to a dubi ganyen ƙasa, ai a dunƙule yake. Muka duba gaba ɗaya. Karan tas yake tun daga gindi har ƙugu, ko ɗaya babu. Mun cinye shaidarmu da ƙuli-ƙuli.

Mai unguwa tela ne, mutum mai sanyin hali, ba ya son hayaniya. Ya ce, «Hajiya, akwai wani abin da ya rage da za ki nuna mana?»

Ta ce, «Akwai, ranka ya daɗe. Fure. Fari fat, faɗinsa kamar bakin kofin shayi, kunnuwa biyar, da jan ɗigo a can cikin tsakiya. In abin da yake faɗa yana yin irin wannan furen, ni da kaina zan riƙe muku ashana.»

Aka tsaya a kan haka. Juma'a biyu mai unguwa ya ba ta. In furen ya fito yadda ta siffanta, magana ta mutu. In bai fito ba, za a tuge a ƙone a ƙofar masallaci, a miƙa Kawu ga hukuma.

Kafin la'asar labari ya kai tasha. Da yamma Oga ya rako Kawu gida da kansa, ya durƙusa ya gaishe da Kaka da Hausarsa ta tasha. Ya ce, «Mama, ni ban ce ya yi ba. Amma fasinja ya ji magana, ba zai shiga mota ba. Makulli yana wurina. Idan magana ya ƙare, ya zo ya karɓa.» Ya tafi. Kawu ya zauna a kan turmi, ya zuba wa hannuwansa ido, hannuwan da suka tsince duwatsun. Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance haka ba, kuma na tsani kaina a ranar.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi nauyi. Masu shigowa ɗebo wuta suka daina shigowa. In Kawu ya doshi masallaci, sai sahu ya ɗan buɗe a gefensa. Tsofaffin abokansa na bakin kududdufi suka fara yi masa murmushi a hanya, har wani ya ɗaga masa babban yatsa, kuma na san wannan ya fi komai ƙona shi. Ramar kuwa ta ƙulla 'yan ƙananan kawunan fure a hammatar ganye, kore shar, a rufe gam. Kullum da safe Kaka ta je ta duba, ta dawo tana ce wa sama, «Ki ɗan buɗe mana rana mana, baiwar Allah.» Sama ta ƙi. Juma'ar farko ta wuce cikin yayyafi.

Ranar Lahadi da azahar aka yi ƙanƙara. In ba ka taɓa jin ƙanƙarar Jos a kan rufin kwano ba, ba zan iya kwatanta maka ba, ko maganar wanda ke kusa da kai ba ka ji. Da ta ɗauke muka fita. Huɗu daga cikin ramar sun karye, ganye ya barbazu a ƙasa cikin farin tsakuwar ruwa. Bakwai suka rage a tsaye, su ma a sunkuye.

Washegari da sassafe na ga Kawu ya ɗauki fartanya ya nufi bayan ɗaki. Kaka tana alwala, ta ajiye buta.

«Auta, ajiye.»

«Inna, na gaji. In tuge su in huta, in bar musu garin. Ko ta yi furen, wanda ya ƙi ni ya ƙi ni.»

«In ka tuge ta da hannunka, ka amsa laifin ke nan. Har ka tsufa ana cewa ka ɓatar da shaida. Ka bar ta ta yi magana, ta fi ni da kai baki.»

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya jingine fartanyar, ya nemo sanduna, ya kafa wa kowace ɗaya, Kaka ta ɓare ɓawon waɗanda suka karye ta murza igiya a cinya, aka ɗaure masu rai da jikin matattun. A nan ne na kasa riƙewa. Na fashe da kuka na faɗi komai, turmin da na hau, da ƙawata, da cika bakin da na yi. Na zaci duka zan sha. Kaka ta ce ai tun ranar ta sani, wa ke da tsawon hannu da tsawon baki a gidan in ba ni ba. Kawu ya dube ni, idonsa ja, ya ce, «Zanen dai ya yi kyau?» Na ce malam ya manna shi a bango. Ya ce, «To alhamdu lillahi, ba a yi asara duka ba.» Wannan ce dariyarsa ta farko cikin kwana tara.

Ranar Laraba rana ta fito. Ni na fara ganinsa, ina shirin makaranta: fure ɗaya, can sama, fari, a buɗe. Na yi ihu har kaji suka watse. Kaka ta aika a gaya wa mai unguwa. Amma mai unguwa na da ɗinkin biki, Ciyaman ya tafi kasuwa, ba su iso ba sai bayan la'asar. Abin da ba mu yi lissafi da shi ba, furen rama na yini ɗaya ne, yinin ma rabi. Da safe yake buɗewa, rana na take tsaka ya fara naɗewa, kafin yamma ya faɗo. Abin da suka tarar a ƙasa wani ɗan lanƙwasasshen abu ne mai ruwan ƙasa, kamar tsumman da aka matse.

Ciyaman ya juya shi da bakin takalmi. Ya ce, «Iya, wannan ai kowa zai iya tsinto furen kuɓewa ya yar a nan.» Ya tuna mata saura kwana biyu.

Ranar Alhamis da yamma Kaka ta kira ni bayan ɗaki, ta sa na hau turmin nan dai, ta ce in duba mata kawunan da bakinsu ya yi fari ya murɗe kamar lemar da aka naɗe. Waɗannan, in ji ta, su ne na gobe. Na ƙirga goma sha huɗu. Ta ce in sake ƙirgawa. Goma sha huɗu. Ta gyaɗa kai ta ce in je in wanke mata farin mayafinta.

Ranar Juma'a, ana sallame sallar asuba, mutane suka fito suka tarar da tsohuwa tsaye a ƙofar masallaci da sanda, ni a gefenta ina rawar sanyi. Ta gaishe da liman, ta gaishe da mai unguwa. Ta ce, «Ba aike yau. Da ƙafata na zo, da ƙafarku za ku bi ni. Wanda duk ya ji maganar ɗana, ya zo ya ga ƙarshenta.» Ba wanda ya iya cewa a'a. Sahu guda muka taho da shi, liman a gaba, Ciyaman a tsakiya, Kawu can baya shi kaɗai. Ashe ta aika wa Oga tun jiya, muka same shi a ƙofar gida cikin ƙatuwar rigar sanyi.

Bayan ɗakin ya cika, wasu a kan katanga, matan maƙwabta suna leƙe ta saman tasu. Raɓa ta jiƙa komai. Na ɗaga kai na duba. Kawunan nan goma sha huɗu suna nan a naɗe, ko ɗaya bai buɗe ba. Sanyin safiyar ya riƙe su. Ciyaman ya dubi agogonsa, ya sake duba. Wani ya ce yana da shago da zai buɗe. Kaka ta ɓare goro ta jefa a baki, ta ce, «Mai sauri ya tafi. Ita ba ta san agogo ba, rana take jira.»

Ba wanda ya tafi. Rana ta taso ta bayan duwatsu, ta sauka kan rufin maƙwabta, ta gangaro kan katanga, ta taɓa kan ramar. Na kafa wa na can sama ido har hawaye ya taru. Sai na ga bakinsa ya saki. A hankali, kamar mai miƙa bayan barci, kunne ɗaya ya rabu da ɗan'uwansa. Wani yaro a kan katanga ya ce ga wani can. Wani ya ce ga wani nan. Kafin a ɗauki lokacin shan kofin koko, bakwai ɗin nan da aka ɗaure da sanduna sun cika da fararen furanni, fari fat, raɓa a jikinsu, kowanne da jan ɗigonsa a ciki. Ƙudan zuma har sun iso.

Liman ya matsa ya ƙirga kunnuwan da yatsa, a fili, ɗaya zuwa biyar. Ya ce, «Masha Allahu. Yadda ta faɗa, haka yake.» Wani dattijo mai sayar da itace ya share ido da bakin rawani ya ce rabonsa da wannan furen tun a bayan ɗakin mahaifiyarsa. Ta saman katanga wata ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa tsalle nake yi ina dariya ina kuka, na rasa wanne zan riƙe.

Kaka ba ta yi murmushi ba tukuna. Ta miƙa hannu ta tsinko ganye mai yatsu bakwai, ta miƙa wa Ciyaman. Ta ce, «Ɗan nan, yanzu fa? Ko har yanzu tsoro kake ji?»

Ya karɓa. Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Ya tura a baki ya tauna, tsamin ya kama shi, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ido ɗaya ya rufe. Aka kwashe da dariya, har liman sai da ya juya baya. In ba shi haƙƙinsa, bai gudu ba. Ya haɗiye, ya ratsa mutane har inda Kawu yake tsaye a jikin bango, ya miƙa masa hannu biyu ya ce, «Na zalunce ka. Ka yafe mini.» Mai unguwa ya ce shi ma a yafe masa, kuma zai sa a faɗa bayan sallar Juma'a, yadda kowa zai ji.

Oga ya laluba aljihu ya ciro makulli, ya kama hannun Kawu ya danƙa masa. Ya ce, «Fasinja yana jira. Ka je ka kawo mota, ka ɗauki Mama ka zaga da shi gari.» Kawu ya riƙe makullin, ya dubi mahaifiyarsa. Sai ya durƙusa a cikin taɓon kunya, a gaban kowa, ya dafa ƙafarta. Ta ɗora masa hannu a ka ta ce, «Tashi, Auta, kada ka makara.» A nan ne na ga haƙoranta jajaye sun bayyana.

Da lokacin kaka ya yi, ƙwansunan suka bushe, muka fasa su a tabarma hannuwanmu na ƙaiƙayi. Gwangwanin ya cika har sai da aka nemo na biyu. Kaka ta ƙulla iri a 'yan tsummoki ta rarraba wa unguwa, kuma ƙulli mafi girma gidan Ciyaman ta aika da shi, ta hannuna. Daminar da ta biyo, in ka bi lungunanmu da safe, ta saman katanga da yawa za ka ga farin fure yana leƙe.

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Kawu ya yi furfura, motocinsa biyu, shi ake kira Oga yanzu. Bayan ɗakin nan an zuba masa siminti an yi shagon cajin waya, unguwar kuma duk ta zama bene da kwalta, yaran yanzu ko ramar kan faranti ba kowa ya san ta ba. Gwangwanin ne ya zama rabona a gado, kuma ban nemi wani abu ba. A gidan hayar da nake babu ƙasa, don haka a buhunan siminti nake shukawa, guda biyar, a jikin katanga. Bana sun wuce kaina, ganyen sama ya tsage bakwai, tururuwa na layi a bayansa.

Makon jiya na ga sabon maƙwabcinmu ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi ganyen, ya dube ni, ya sake duban ganyen. Na san wannan kallon tun shekara ashirin da suka wuce. Ya fara kame-kame, wai dama tambaya ce zai yi, ba wani abu ba. Na leƙa hammatar ganye, na ga kawunan fure uku bakinsu ya yi fari ya murɗe.

Na ce masa, «Malam, kada ka wahalar da kanka. Gobe in ka fito sallar asuba, ka biyo ta nan.»